Sabon jinsi ne, ko tsohon ne fari ya tsumbure? Tambaya kan dangin gwaba na jejin Katinga

Ɗalibin Gandun Daji:

Assalamu alaikum malamaina. Lokaci zuwa lokaci sai a ji masana tsirrai a Birazil sun raɗa wa wata guntuwar bishiya suna, wai sabon jinsi ce a dangin Myrtaceae, wato dangin gwaba da kanumfari da malmo, kuma daga busasshen jejin arewa maso gabashin ƙasar aka samo ta, wanda suke rubutawa Caatinga, a furta Katinga. A idona hotunan duk kamarsu ɗaya: itace da ƙyar ya kai tsayin mutum, rassa tun daga gindi kamar sabara, ƙananan ganye masu kauri, da farin fure mai gashi buzu-buzu. Ga abin da ya ɗaure mini kai. Kowa ya san bishiyar da ta fito a kan tsakuwa, ga fari ga awaki, tsumburewa take yi, ganyenta ya ƙanƙance. To da me ake rarrabe sabon jinsi da tsohon da wahala ta sauya wa kama? Me ake tsinkowa, me ake dubawa? Kuma in irin ya samu, zai yi a ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu?

Malamin Tsirrai:

Wa alaikumus salam. Zargin naka yana kan hanya, ɗalibi, domin girman ganye da tsayin itace su ne shaidu mafi rauni. Ƙasa da ruwa da inuwa suna juya su yadda suka ga dama. Abin da ba ya saurin sauyawa shi ne ginin fure da na iri, can ake zuwa neman hujja.

Amma fara tabbatar da dangin tukuna. Ganyen yana fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a kan gaɓa ɗaya, gefensa sumul babu haƙora. Ka ɗaga shi saitin rana ka duba da gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo da haske ke ratsawa kamar an tsattsaga da allura. Jakunkunan mai ne, su ne ke ba da ƙamshi idan ka murtsuke ganyen. A yawancinsu kuma akwai wata siririyar jijiya da ke bin bakin ganyen tun daga gindi har tsini, ƙananan jijiyoyi na shiga cikinta. A ganyen malmo ta fito ɓaro-ɓaro, a na gwaba ba ta fito sosai ba. Ɓawon jikin itacen yakan saɓule falle-falle ya bar jiki mai santsi. Inda ake yin kuskure: lemo ma yana da ɗigon mai, amma ganyensa ɗaya-ɗaya yake fitowa. Sabara tana da ganye biyu-biyu da ɗigo a bayansa, amma nata baƙaƙe ne, haske ba ya wucewa. Itacen turare kuwa ɗan dangin ne duk da manyan ganyensa ɗaya-ɗaya suke, 'ya'yansa kuma busassun ƙoƙuna, domin shi daga wani reshe na dangin ya fito, na Ostireliya.

Dangin yana da jinsi kusan 6,000 a cikin gidaje, wato rukunonin jinsuna makusanta, sama da 130, Birazil kaɗai tana da sama da 1,000. Na Amurka ta Kudu kusan dukkansu masu 'ya'ya ne masu tsoka, furen fari, zaruruwan namiji masu yawa, mahaifar furen tana ƙasa da kofinsa. Shi ya sa ka ga hotunan iri ɗaya. Su kansu masana ba sa iya faɗin gidan daga nesa.

Don ka gane sassan da hannunka, ba sai ka je Birazil ba. Ɗauki kanumfari guda daga kicin. Ba iri ba ne, fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe aka shanya. Jiƙa shi a ruwan zafi na minti 10 zuwa 15 har ya yi laushi. Haƙoran nan huɗu su ne kunnuwan kofin fure. Ɗan ƙwallon da ke zaune a tsakiyarsu ganyen fure ne huɗu a naɗe, ka ɓare shi da tsinin allura za ka tarar da zaruruwan namiji a lanƙwashe cikinsa. Doguwar ƙafar kuwa, yanka ta a kwance da sabuwar reza dab da ƙasan haƙoran, za ka ga ɗakuna biyu da ƙananan ƙwayoyin da za su zama iri. Wannan yankan shi ne aikin da ake yi wa kowace sabuwar bishiya.

To ga abin da ake ƙirgawa. Idan kunnuwan kofi huɗu ne, ganyen fure huɗu, furen na fitowa ɗaya ko 'yan kaɗan daga hammatar ganye, akwai ƙananan kunnuwa biyu a ƙarƙashin mahaifa, ɗakunan biyu kowanne da ƙwayoyi da dama, amma ɗan itacen ya nuna da iri ɗaya ko biyu manya, to gidan Eugenia ke nan, gida mai jinsi sama da 1,000. Idan furanni sun fito tuli a kan reshe mai rassa, kunnuwa galibi biyar, kowane ɗaki da ƙwaya biyu cif, to Myrcia ce. Idan kofin a rufe yake ruf ko kusan haka, sai ya yage ba tsari lokacin buɗewa, 'ya'yan kuma cike da ƙananan iri masu tauri kamar ƙashi, to Psidium ce, gidan gwaba. Campomanesia tana kama da gwaba, sai dai ɗakunan mahaifarta sun fi yawa, kuma bangon kowane ɗaki yana da ƙuraje na mai, yana lulluɓe irin kamar fata.

Irin ma ana fasa shi. Otto Berg, wanda ya rubuta bayanin wannan dangi na Birazil tsakanin 1857 da 1859, a kan siffar ɗan tayin iri ya raba su kashi uku. A Eugenia ɓarin irin biyu masu kauri ne, sun manne sun zama dunƙule ɗaya, ba ka iya raba su kamar na gyaɗa. A Myrcia sirara ne kamar ganye, a cukurkuɗe, doguwar saiwa ta zagaye su. A gwaba ɗan tayin a lanƙwashe yake kamar lauje, ɓarinsa 'yan mitsi-mitsi. Binciken zamani ya nuna rabon na Berg bai bi asalin zumunta daidai ba, amma wajen gane gida har gobe yana aiki.

Bayan an san gida sai a sauko ga jinsi, nan ne aikin ke cin rai. Ana duba gashin da ke kan sabon toho da kan mahaifa: akwai ko babu, fari ne ko ja kamar tsatsa, a miƙe yake ko a kwance, tsini ɗaya gare shi ko biyu. Ana auna tsawon wuyan fure da milimita, a duba ko jijiyar tsakiyar ganye ta lotsa ko ta taso a samansa, ko ɗan itacen sumul yake ko yana da gwatso-gwatso. Ba a yarda da bambanci guda. Ana so a ga biyu ko uku da ba su dogara da juna ba, kuma suna tafiya tare a kowane gindi da aka duba. Itacen da fari ya tsumbure ganyensa ne zai ƙanƙance, amma yawan ɗakunan mahaifarsa da irin gashinsa suna nan kamar na 'yan'uwansa na bakin rafi.

Malama Mai Ma'ajiyar Tsirrai:

Malam ya yi bayanin abin da ake dubawa. Ni zan tsaya a kan abin da ake kawowa, domin samfur mara kyau ya fi komai ɓata wannan aiki. Reshe mai ganye zalla na wannan dangi, gaskiya kusan ba shi da amfani, zai iya shekara da shekaru a kabad da sunan dangi kawai a jikinsa.

Dalilin da ya sa irin waɗannan bishiyoyi ke daɗewa ba a san su ba yana cikin yanayin wurin. Katinga ta fi murabba'in kilomita 800,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na Birazil, ta ratsa jihohi irin su Bahia da Pernambuco da Ceará da Piauí. Sunan daga Tupi yake, harshen 'yan asalin ƙasar, ma'anarsa farin daji, saboda da rani ganye ya zube sai fararen rassa. Damina wata uku ce zuwa biyar, kuma ba ta da alkawari, an yi fari mai tsanani daga 2012 har zuwa 2017. 'Yan dangin gwaba da yawa da ruwan farko suke yin fure, gaba ɗaya cikin 'yan kwanaki. Fure yana buɗewa da asuba, ƙudan zuma su yi ta kai-kawo, kafin yamma ganyensa da zaruruwansa sun fara zuba. Wanda ya zo bayan mako biyu ya makara ga fure, ya yi sammako ga 'ya'ya. Saboda haka a sa wa gindin alama, a ɗauki lambar wurin da GPS, a dawo sau biyu ko uku. Bishiyoyin kuma sun fi yawa a wuraren yashi mai zurfi da kan tuddai, irin su Catimbau da Raso da Catarina da gefen Chapada Diamantina, fiye da fili mai tsakuwa.

Wajen yanka, a ɗauki reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 35, domin takardar da za a manna shi a kai kusan 42 ce da 29. A tabbata akwai furen da bai buɗe ba a jiki, shi ya fi buɗaɗɗen daraja, tunda a jikinsa ake ganin ko kofin a rufe yake ko a buɗe. A yanki aƙalla kwafi huɗu ko biyar daga gindi ɗaya, duk lamba ɗaya. Gindi na biyu, lamba ta daban, ko da kamarsu ɗaya. Haɗa rassan gindi biyu a lamba ɗaya ya sha haifar da bayanin jinsin da babu shi a duniya.

A shimfiɗa kowanne cikin jarida, a juya ganye biyu ko uku bayansu ya kalli sama, a sa kwali tsakani, a ɗaure da katako biyu tamau. Zafin busarwa ya tsaya wajen digiri 40 zuwa 50, da iska mai ratsa ramukan kwalin. In zafi ya yi yawa ganyen ya ƙone ya yi ƙwarya-ƙwarya, in ya yi kaɗan fumfuna ta kama 'ya'yan. Inda babu na'urar busarwa, a sauya jarida kullum a kwana ukun farko. 'Ya'ya masu tsoka a tsaga wasu gida biyu kafin a matse. Furanni kuwa, tunda zuba suke yi da an taɓa su, a tsinki goma ko fiye a jefa cikin ƙaramar kwalba mai sifirit kashi 70 cikin 100 da ɗigon gilisarin, a rubuta lambar da fensir a sa takardar a ciki. Biro narkewa yake a sifirit. Duk abin da ya zube a jarida kada a zubar, a tara a ƙaramar ambulan.

Abin da bushewa ke gogewa a rubuta shi nan take: tsayin itacen, ko ɓawonsa na saɓulewa da launin da ke ƙarƙashi, ƙamshin ganye, launin ɗanyen ɗa da nunanne, irin ƙasar, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Kafin samfur ya shiga kabad a sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na kusan mako guda, a cikin leda a rufe, don ƙwari.

Sai babban aikin, wato kwatantawa. Kusan kowane suna da aka taɓa raɗawa yana ɗaure da samfur na asali guda da ke ajiye a wata ma'ajiya. Kafin ka ce naka sabo ne, dole ka gwada shi da na asalin duk jinsunan da ke kusa da shi, har da sunayen da aka daɗe da jingine su a matsayin maimaici, domin sau da yawa "sabon" yana kwance a ƙarƙashin wani tsohon suna na ƙarni na 19. Da yawa daga samfuran Birazil na da suna Turai, a Kew ta Landan da Paris da Munich, amma shirin Reflora na lambun tsirrai na Rio de Janeiro ya ɗora hotunansu a intanet. Na Katinga kuwa, ma'ajiyar jami'ar Feira de Santana a Bahia tana cikin wuraren da ba a tsallakewa. Hoto dai ba ya nuna gashi da ɗakunan mahaifa, inda aka yi shakka sai an aro samfurin ko an je.

In ya tabbata, a zaɓi samfur ɗaya ya zama na asali, a faɗi ma'ajiyar da yake, a rubuta abin da ya raba shi da makusantansa da Latin ko Turanci, a buga a mujallar ilimi. Tun 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci da kuma bugun intanet, kafin nan sai da Latin. Kada kuma suna ya ruɗe ka game da asali. Akwai Psidium guineense, wanda ya ji zai ɗauka ta Gini ce, alhali 'yar Amurka ce, kuskure aka yi tun wajen raɗin sunan, doka kuma ba ta yarda a sauya suna don wannan ba.

Ɗalibin Gandun Daji:

Allah ya ƙara sani, Malam da Malama. Amma yanzu da ake gwajin DNA, wato ƙwayoyin halitta na gado, ba zai raba gardamar nan da nan ba, a huta da yankan fure?

Malamin Tsirrai:

Ba zai hutar da kai ba. Yana da ƙarfi wajen nuna gida da reshen da itacen ya fito. Da shi aka gano cewa gidajen Calyptranthes da Marlierea a cikin Myrcia suke, aka haɗe su, shi ya sa na ce kunnuwa biyar "galibi", domin yanzu akwai Myrcia mai kofi da ke buɗewa kamar murfin tukunya. Amma tsakanin jinsi biyu makusanta a Eugenia ko Myrcia, gajerun sassan da aka saba karantawa, irin su ITS da psbA-trnH, sau da yawa bambancinsu kaɗan ne ko babu, ga shi kuma jinsuna da yawa ba a taɓa karanta nasu ba balle a kwatanta. A gidan gwaba akwai ƙarin matsala, jinsuna na barbarar juna, sai ka samu itace mai siffa tsaka-tsaki. Idan 'yan gindi kaɗan ne a tsakanin wasu sanannun jinsi biyu, irinsu kuma yawanci holoƙo, a yi zargin barbara kafin a yi zancen sabon suna.

Rabuwar Eugenia da Syzygium ma, gidan malmo da kanumfari, da wuƙa da madubin ƙara girma masanin tsirrai Rudolf Schmid ya kafa hujjarta a 1972, DNA daga baya ya zo ya gaskata shi. Da can kanumfari Eugenia ake kiransa.

Ganyen DNA dabam ake ɗaukarsa: sabon ganye lafiyayye biyu ko uku, a yayyaga, a sa a ƙaramar leda da silika, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, mai nauyin ganyen sau goma, ya bushe ƙarau cikin awa 24. In silikar ta sauya launi a canza ta. Samfurin da aka jiƙa da sifirit a jeji don kada ya ruɓe, ko aka gasa da zafi mai yawa, DNA ɗinsa ya kakkarye.

Abu ɗaya da ake haɗawa da sunan shi ne matsayin barazanar ƙarewa a ma'aunin IUCN, ƙungiyar duniya mai kare halittu. Ana shimfiɗa murabba'ai masu kilomita 2 a kowane gefe a kan taswira, a ƙirga waɗanda itacen ke ciki. Ƙasa da murabba'in kilomita 10 shi ne iyakar mataki mafi haɗari, ƙasa da 500 na biye, ƙasa da 2,000 na uku. Ƙarancin fili shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da wasu sharuɗɗa, kamar ƙarancin wuraren da yake da shaidar cewa mazauninsa na raguwa. A Katinga shaidar ba ta wuyar samu: saran itacen wuta da gawayi, kamar wanda masana'antun jifsam na yankin Araripe ke ci, da kiwon awaki da ke cinye 'yan tsiro. Ina ganin kuskure ne a gaggauta sa mataki mafi haɗari don samfur ɗaya kawai aka samu, ba tare da an zagaya makwabtan tuddai a lokacin fure ba.

Mai Gandun Dashe:

Saura tambayarka ta ƙarshe, ɗan'uwa, ta shuka. Amsar gajera ita ce kada a kawo shi, ko da an samu hanya. Dokar Birazil mai lamba 13.123 ta 2015 ta tsara yadda ake amfani da albarkatun halittun ƙasar da fitar da su, tsinkar samfur a gandun gwamnati ma sai da izini. Bayan doka akwai cuta. Tsatsar dangin gwaba, cutar fumfuna mai suna Austropuccinia psidii, a Birazil aka fara bayyana ta a jikin gwaba a 1884. Ta isa Hawai a 2005, Ostireliya a 2010, Afirka ta Kudu a 2013, New Zealand a 2017, a Ostireliya kuma ta kusa ƙarar da wasu jinsunan daji. Alamarta gari ne rawaya shar kamar kurkum a kan sabon toho da fure da ɗanyun 'ya'ya, tohon ya murɗe ya mutu. Iska ke ɗaukarsa, yana kuma maƙalewa a tufafi da dashe. Mai gonar gwaba da mai shukar turare su za su biya kuɗin gangancin. Sannan baƙon itace yakan fi ƙarfin masu gida, kamar yadda Psidium cattleianum ta Birazil ta mamaye dazuzzukan tsibiran Hawai da Moris.

Ga masu raya shi a ƙasarsa kuwa, matsalar farko ita ce irin Eugenia ba ya jure bushewa. Ba kamar gero ba ne da za ka shanya ka zuba a rumbu. Da ya rasa ruwan jikinsa ɗan tayin ya mutu, firiza ma kashe shi take, shi ya sa rumbunan ajiyar iri ba sa iya riƙe shi, sai dai a raya shi a matsayin bishiya. A tsinki nunannun 'ya'ya, a murje tsokar a ruwa, a wanke tas don zaƙin da ya rage shi ke jawo fumfuna, a tsane a inuwa na 'yan awoyi, a shuka cikin kwana biyu ko uku. In tafiya ta kama, a sa shi cikin yashi mai ɗan danshi a leda mai huji. Na gidan gwaba ya fi haƙuri, ƙananan irin nan masu tauri suna jure shanya.

Ƙasar reno ta zama yashi kashi biyu, jar ƙasa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya ko ƙasa da haka. Zurfin shuka santimita ɗaya. Leda doguwa, santimita 25 zuwa 30, domin itacen busasshiyar ƙasa saiwa yake fara turawa ƙasa kafin ya yi ganyen kirki, in ta bugi gindin gajeriyar leda ta naɗe, dashen ba zai taɓa jure rani ba. Tsirowa na iya ɗaukar wata ɗaya zuwa uku, kuma ba tare suke fitowa ba, kada a zubar da leda da wuri. Yawan ban ruwa ya fi ƙishi kashe su: ganye ya yi rawaya, wuyan tsiron ya yi baƙi dab da ƙasa, ya kife. A bari saman ƙasar ya bushe kafin a ƙara. Yankan reshe ba ya saurin yin saiwa a yawancinsu. A tara iri daga gindi da yawa, kaɗan-kaɗan daga kowanne, kowace leda da lambar uwarta.

Wanda ke son koyon aikin a nan gida yana da malmo a bakin rafi da fadama. Fure da 'ya'yansa sun isa a gwada duk yankan da Malam ya faɗa, za ka kuma ga ɓarin irinsa biyu suna rabuwa, saɓanin na Eugenia. Busasshen samfurin a kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta cibiyar binciken gandun daji a Ibadan a kwatanta.

Malama Mai Ma'ajiyar Tsirrai:

Ƙari ɗaya a kan na Mai Gandu. Duk gindin da aka ɗebi irinsa a yanki samfur daga jikinsa a rana ɗaya, lambar samfurin ita ce lambar ledar reno. In daga baya aka raba jinsin gida biyu ko aka gyara sunan, da wannan lambar kaɗai za a san wane ne ke tsaye a gandun. Alamar leda kuma a yi ta da guntun alminiyam a karce lambar da ƙusa, domin rubutun maka a kan roba rana na cinye shi kafin damina ta zagayo.